ZAUREN ZANGO: Nawa Ne Kuɗin Sulen Kaka?

A wannan wata muna so mu taɓo wata magana da ke tasowa a gidajenmu na zango duk lokacin da wata tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya. Sau da yawa in an buɗe adakarta, sai a tarar da ƙullin tsumma cike da tsofaffin sulalla. Kwanakin baya mun ga inda magada suka sallamar da irin wannan ƙulli ga wani ɗan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na goro ba, alhali kuwa akwai marayu a cikin masu gadon. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu yi bayani.

Abu na farko shi ne a duba shekarar da ke jikin kuɗin. Sule, fataka, sisi da taro na Afirka ta Yamma, waɗanda aka kashe a nan Gana da Nijeriya da Saliyo da Gambiya, an fara buga su ne a 1913. Daga wannan shekara zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000. A cikin 1920 ne Turawa suka koma yin su da tagulla mai ruwan ɗorawa, wadda ba ta da azurfa ko kaɗan, sai dai wasu masu ɗauke da shekarar 1920 ɗin suna da azurfa. Kuɗin Ingila kuwa, na kafin 1920 su ma kashi 925 ne, na 1920 zuwa 1946 rabi azurfa ne, na 1947 zuwa sama kuwa fari ne kawai a ido.

'Yan'uwanmu da iyayensu suka fito daga ƙasashen Faransa kan sami tsohuwar dala, wato babban kuɗin faran biyar mai nauyin giram 25, wanda azurfarsa kashi 900 ce. Akwai kuma riyal mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda Barebari ke kira gursu. Nauyinsa giram 28 ne, azurfarsa kashi 833. To, a nan sai a yi hattara: 1780 da ke jikinsa shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga shi da wannan shekara har miliyoyi barkatai. Kada wani ya saya ko ya sa rai da tsada saboda wai ya haura shekara 200.

Abu na biyu shi ne awo. A kai kuɗin wurin maƙerin fari ko mai sayar da zinariya a ɗora a sikeli a gaban idon magada. Sabon sule giram 5.66 ne, fataka kuma 11.31, amma wanda ya sha hannu ya kan ragu. Misali, a ce sule 20 ne, wato fam guda, suka auna giram 110. In an ɗauki kashi 925 cikin 1000, tsantsar azurfa ta kama giram 102 ke nan. Kasuwar duniya da oza take ciniki, oza ɗaya kuwa giram 31.1 ce, saboda haka wannan fam guda ya ɗara oza uku. Sai a nemi farashin oza na wannan rana a intanet, a juya shi zuwa sidi. Mai saye dole ya rage wani abu don ribarsa da ladan narkarwa, wannan ba laifi. Amma in tayinsa bai kai rabi ba, sai a naɗe tsumma a gwada wani wuri.

Abu na uku, kada a goge kuɗin da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Masu tara tsofaffin kuɗi sukan biya fiye da kuɗin azurfa in rubutu da hoton bishiyar kwakwa sun fito raɗau, kuma guga tana zubar da wannan daraja. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙar wuya, da wanda ya suɗe, kuɗin azurfarsa kaɗai yake da shi. Game da jabu kuwa, maganaɗisu ba ya kama azurfa, duk wanda ya manne ba ita ba ce. Sai dai tagulla ma ba ta mannewa, don haka sikeli ne babban alƙali.

Jama'a, Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Kakanninmu da cinikin goro da tuyar ƙosai suka tara waɗannan sulalla, ɗaya bayan ɗaya. In za a raba gado, a ware su, a auna, a rubuta a gaban shaidu kafin a yi maganar sayarwa, domin haƙƙin maraya ba abin wasa ba ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.