Mimori Ba Rumbu Ba Ne

'Yan uwa marubuta, mu daina yaudarar kanmu. Kullum sai wani ya shigo zauren nan da salati: "Mimorina ya lalace, littafina ya tafi." Mu bi shi da "Allah Ya mayar da alheri." Amin, amma fa wannan sakaci ne.

Katin microSD tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11, bai wuce farce ba, ga shi tun 2019 akwai mai ɗaukar terabait 1. Ƙanƙantar da ake yabo ita ce masifar: komai nasa a dunƙule yake wuri guda, in ya tsage mai gyara sai dai ya ba ka haƙuri. Tambayi masu ɗaukar hoton biki da kati ya karye musu. Ga kuma jabu a kasuwa, a rubuta giga 64 alhali cikinsa bai kai rabi ba.

Magana Jari Ce tun 1937 yake hannun jama'a, saboda kwafinsa ya yaɗu. Kai babi arba'in ɗinka a kati ɗaya?

Kafin ka fara babi na gaba, tura wa kanka ta imel, ka saka a Google Drive, wanda ya kammala kuma ka fitar da shi a takarda.