Maganar Iyo Cikin Ramukan Fasa Dutse

'Yan'uwa, tun da bazara ta kawo jiki, babu maganar da ta fi yawo a bakin samari kamar ta zuwa wanka ramukan nan da a ka fasa dutse a ka bari, ruwa ya cika su. Wanda ya je ya komo ya kan zauna ya yi ta kururuta wurin, wai ruwan garai-garai, wai ga sanyi, ba laka, ba kada. Masu saurare kuwa sai ransu ya biya. To, da ya ke gobe ko jibi mu za a danƙa wa 'ya'yan mutane, kuma abin da yaro ya ga malaminsa ya yi shi ya ke ɗauka halal, mun ga ya kamata mu auna al'amarin nan tun hutu bai zo ba.

Ramin da ya fi suna a ƙasarmu shi ne na Mpape, a gefen Abuja. Sunan ma da harshen Gbagyi dutse ya ke nufi. Cikin 1976 a ka yanke shawarar gina sabon babban birni, cikin 1977 a ka soma fasa dutse a wurin, dutsen da a ka ɗiba kuwa ya shiga cikin ginin birnin. Da a ka bar aikin, ruwa ya taru ya zama tafki, ya yi shekaru ba mai kula da shi sai makwabta. Cikin 2020, bayan kullen annobar korona, hotunansa su ka bazu ta intanet, sai ga jama'a na tururuwa, har da masu sayar da abinci da makaɗa. Mu dai ba mu ga laifin mai zuwa kallo ba, gama wurin da nakiya ta farfasa ya komo abin sha'awa, wannan ikon Allah ne. Shiga ruwan shi mu ke magana a kai.

Ku dubi kogi ko tafki irin na Allah. Gaɓarsa gangare ce. In ka shiga, ruwa ya fara kama idon sawu, sa'an nan gwiwa, sa'an nan ƙugu, ƙafarka na ba ka labari tun kafin ka kai inda ya fi ƙarfinka. Ramin fasa dutse ba shi da wannan ladabi. Masu aikin hawa-hawa su ke yanka shi, kamar matakalar ƙattai, mataki guda kuwa ya kan fi soro tsawo. Sa'ad da a ke aiki injuna ne ke zuƙe ruwan da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ran da a ka kashe su, ruwan nan da na damina su ka haɗu su ka rufe matakan duka. Saboda haka yaro ya na tsaye ruwa iya gwiwa, ya na dariya, ya ƙara taku ɗaya tak, sai ya ji babu ƙasa. In ya juyo neman mafita, bango ne miƙe, gansakuka ta sa shi santsi, ba saiwa ba ciyawa da zai kama. Ko gwanin iyo, in ya gaji bai sami inda zai dafa ba, gwanintarsa ta ƙare.

Hasken ruwan nan da a ke yabo, shi ma mayaudari ne. Kowa ya tuna yadda a ka nuna mana a ajin kimiyya, a ka tsoma sanda cikin bokiti mu ka ga kamar ta karye. Wannan karkatar haske ita ke sa gindin ruwa ya yi kamar ya taso, zurfin ƙafa 4 ido ya gan shi kamar ƙafa 3. Abin da ido bai kai gare shi ba kuwa ya fi muni: ɓaraguzan dutse masu kaifi, da waya, da ƙarafan da a kan bari in an tashi daga aiki. Mai tsalle daga sama da ka bai san abin da ke jiransa ba. Ga kuma sanyi. Rana saman ruwa kaɗai ta ke ɗumamawa, can ƙasa ya na nan yadda ya ke. A Turai, inda ruwan kan kasa digiri 15, wanda ya faɗa kwatsam numfashi kan ƙwace masa, ya shaƙi ruwa ba da nufinsa ba. A nan sanyin bai kai haka ba, amma duk da haka ya na saurin gajiyar da gaɓoɓi.

In abin ya auku, sai ka ji mutanen gari na cewa 'yan ruwa ne su ka ja shi, ai ba a ji ko ihunsa ba. Ba mu musun gaibu, amma rashin ihun ya na da dalili a fili. Mai nutsewa ba ya samun sararin kira, gama duk sa'ad da bakinsa ya fito, numfashi ya ke nema. Sau da yawa cikin abin da bai wuce minti guda ba an rasa shi, abokansa na gefe su na tsammani wasa ya ke yi. Wanda ya lura ya faɗa don ceto, ba tare da ya san yadda a ke yi ba, a kan ƙanƙame shi a tafi tare. Masu cewa kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma tun mu na makarantar allo malamai su ka koya mana tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

To, sai a hana ke nan? Ai Turawa sun gwada. A Ingila, kusa da garin Buxton, akwai tsohon ramin dutsen farar ƙasa a Harpur Hill, ruwansa shuɗi shar kamar an zuba shuni. Kyan nan kuwa daga ragowar farar ƙasar da a ka ƙona a ka zubar ya ke. A ma'aunin da masana ke gwada kaifin ruwa, mai tashi daga 0 zuwa 14, ruwan sha ya na wajen 7, wannan kuwa ya kai 11.3, watau ɗan'uwan ruwan toka ne, ya na cin fata da ido. An kafa alluna an rubuta haka ɓaro-ɓaro, mutane ba su fasa ba. Da hukuma ta rasa dabara, sai ta zuba baƙin rini cikin ruwan a 2013 don ya muzanta, ta sake a 2016, a ka kuma a 2020. Rinin ya kan dushe, shuɗin ya komo, masu wanka su biyo shi.

Inda a ka ci nasara, aiki a ka yi ba allo kaɗai ba. Ramukan Quincy, kusa da Boston a Amurka, an bar fasa dutse a cikinsu a 1963, su ka ci rayuka da dama na masu tsalle, har wajen shekarar 2000 a ka cike mafi haɗarinsu da ƙasar da a ka haƙo wajen gina hanyar ƙarƙashin birnin. A Stoney Cove ta Ingila kuma, ramin da ya fi ƙafa 100 zurfi, gyara shi a ka yi ya zama makarantar koyon nutso, da masu tsaro da jirgin ceto. Ko wanne a ka zaɓa kuɗi ya ke ci, mu kuwa a ganinmu wanda ya ci ribar dutse shi ya kamata ya biya. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara ƙasar da ya ɓata. Amma wanda ya zaga tsofaffin ramukan kuza na ƙasar Jos ya san rami ba ya cike kansa, haka nan kududdufan Kano da a ka haƙa don ƙasar gini, waɗanda 'yan kwana-kwana ba su rabu da tsamo yara daga cikinsu ba. Ba mu ma taɓo tsargiya ba, cutar fitsarin jini da a ke ɗauka a ruwa kwantacce mai dodon koɗi.

Samari za su ce, to ina za mu? Ga zafi, wuraren iyo na gaske kuwa yawancinsu a manyan masaukai su ke, sai mai kuɗi. Wannan magana ta na da nauyi, ba kuwa za mu amsa ta da bulala ba. Sha'awar ruwa ba laifi ba ce. An ruwaito Sayyidina Umar ya yi umurni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Ba sai mun je Turai neman gwanaye ba, wanda ya ga Kabawa cikin ruwa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda a ka soma cikin 1934, ya san muna da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci cikin 2021, yara da matasa kuwa su ne kaso mai yawa. Ga shi za a sallame mu mun iya haɗa jimla da raba lamba, amma da wuya a sami wanda a ka koya wa abin da zai yi in almajirinsa ya faɗa ruwa.

Don haka mu ke roƙon Shugaban makaranta, ransa ya daɗe, da malamanmu, Allah ya gafarta musu, a sa iyo cikin darasin motsa jiki, a ruwan da a ka auna zurfinsa, ƙarƙashin wanda ya ƙware. A koya mana ceto daga tudu: a miƙa doguwar sanda, a jefa igiya, ko jarka wadda ba kome ciki an rufe bakinta, mai ceto kuwa ya kwanta rubda ciki don kada a fizge shi. Mu kuma, kowa ya fita gwajin koyarwa, ya sa 'yan ajinsa su zana taswirar garinsu a darasin labarin ƙasa, su nuna kowane rami da kududdufi da su ke zuwa wanka. Yara sun san su sarai, iyayensu ne ba su sani ba. Kofe ɗaya a liƙa a bangon aji, ɗaya a kai wa mai unguwa.