'Ya'yan Wa Za Su Yi Mana Magana?

Kowace damina, da an yi hutu, 'ya'yan manyan Yamai sai jirgi zuwa Faransa da Amurka koyon jakadanci da shugabanci, ɗan talaka kuwa yana duƙe a gona. Tsohon wayo ne. Haka Nasara ya tsinci yara ƙalilan ya kai makarantar William Ponty a Senegal, don ya samu malamai da magatakarda.

Tun 1971 ake haƙar uraniyum a Arlit. Wa zai yi mana cinikinsa gobe? Wanda mai saye ya horar?

Muna so a buɗe ajin nan a Yamai, kyauta. Rassan Maraɗi, Tasawa, Ƙonni da Damagaram, ku rubuto sunayen yaranku, maza da mata!