Daga Bakin Rumfa: Kafin Ki Ɗauki Bulala, Ƙirga Awannin Barcinsa



Makon jiya maƙwabciyata a Kasuwar Malam Atta, mai sayar da kayan miya, ta shigo rumfata ido jajur. An sake kiranta makarantar ɗanta, karo na uku ke nan a zangon nan. Yaron shekararsa 8. Ba ya zama a benci, malami na magana yana tsoma baki, kullum sai ya yar da fensir ko littafi. Ta ce, "Yaya, na yi duka har hannuna ya gaji, an yi masa rubutu ya sha, abin sai gaba yake yi." Na ce mata, "Ƙarfe nawa yake barci?" Ta yi tsai, ta ce, "To, sai mun kwanta dai."

Na yi wannan tambaya ne don ni ma na ɗanɗana. Autana haka ya yi fama, har likita ya tabbatar mana yana da larurar da ake kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa haɗe da yawan ƙiriniya da gaggawa. Larura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, kuma kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita. Duka ba ya cire ta. Kafin maganar magani, likitan ya sa na riƙa rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa har mako biyu. Da na duba takardar, wallahi kunya ta kama ni. Sai wajen sha ɗaya da rabi yake barci, ni kuma ina tayar da shi da asuba, biyar saura, don in shirya shi kafin in bi tiro-tiro zuwa sarin kaya. Awa 5 da ɗan wani abu ke nan, alhali yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12.

Babba idan bai yi barci ba hamma yake yi. Yaro kuwa sau da yawa ƙara zabura yake, ga saurin fushi, ga mantuwa. Masu wannan larura kuma da yawansu sinadarin melatonin, mai sanar da jiki dare ya yi, yana makara wajen fitowa. Shi ya sa za ki kwantar da shi yana ta juyi. Larurar ta hana barci, rashin barcin ya ƙara larurar, gari ya waye a ce ba ya jin magana.

Zamanmu na zango ma bai taimaka ba. A Nima da Mamobi yawancinmu ɗaki ɗaya ne a gidan haya: talabijin na kunne, ga zafi da sauro, ga lasifikar biki har tsakar dare. Yaro ya taso boko ya wuce makaranta, mu kuma ba ma tashi kasuwa sai magariba, abincin dare sai tara.

Abin da na yi ba ya cin ko sidi ɗaya. Na riƙa ɗibar masa abinci tun kafin in taso, ya ci da wuri. Bayan isha'i ba waya, ba talabijin, har ni da babansa, don hasken allo yana jinkirta barci. Na hana shi kurɓar ataya da lemon kwalba mai kola da ɓallin goro da yamma, duk suna da kafin mai kore barci. Wanka, addu'a, gidan sauro, a kashe wuta, kullum a jere haka, har Asabar da Lahadi. Da safe kuma yayarsa ke tayar da shi ƙarfe shida. Makon farko an sha daru, ba zan ɓoye muku ba. Larurar ba ta tafi ba, har yau muna ganin likita, amma kukan safe ya ragu, kiran makaranta ma haka.

Abu uku nake so ku kula. Idan yaro yana minshari sosai ko numfashinsa na sarƙewa cikin barci, a duba maƙogwaronsa, don wannan kaɗai yana iya kawo ƙiriniya irin ta ADHD. Idan yana kukan ƙafafu suna damunsa da dare, a gwada jininsa, ƙarancin sinadarin ƙarfe na jawo haka. Idan kuma an ɗora shi kan magani barci ya ƙaurace, a koma wurin likita ya gyara lokacin sha. Don Allah kar a saya masa maganin barci a kemis. A fara da Babban Asibitin Mamobi ko asibitin yara na Princess Marie Louise, in da buƙata za su tura Korle Bu.

Maƙwabciyata dai na yago mata takarda daga littafin bashi, na ce ta fara rubutawa daren nan, bayan mako biyu mu tafi asibiti tare. Ta ce, "Rumfar fa?" Na ce 'yata za ta tsare mana.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa.