Tsaron Kaji Daga Wurin Saye Yake Farawa

Sanin kowa ne cewa kiwon kaji ya zama jari ga ɗimbin magidanta da matan aure a unguwannin Zariya irin su Tudun Jukun da Tudun Wada da Gyallesu. Da kuɗin ƙwai ake cefane, da kuɗin zakarun Salla ake biyan kuɗin makaranta. Saboda haka duk abin da ya taɓa akurki ya taɓa tukunyar gida, kuma tambayar inda za a sayo 'yan tsaki ba ƙaramar tambaya ba ce.

Hanyoyi biyu ne a gaban mai saye. Ta farko ita ce ta manyan gidajen ƙyanƙyasa, waɗanda da yawansu suna Jihar Oyo. Kazar ƙwai ta irinsu, in ta sami abinci da kulawa, takan yi ƙwai sama da 250 a shekara, alhali kazar gida ba ta cika wuce 60 ba. Sai dai tsakon yakan sha doguwar tafiya a mota kafin ya iso Zariya, kazar ba ta cika kwanci ba, 'ya'yanta kuma ba sa gadon yawan ƙwanta. Duk wanda ya bi wannan hanya sai ya koma saye a kowane zubi.

Hanya ta biyu ita ce ta makiyayin da ke ƙyanƙyasa irinsa a gida. Amfaninta shi ne mai saye zai ga uwa da uba da idonsa, ya ga tsabtar wurin, ya kuma sami kajin da suka saba da zafi da hunturun ƙasar nan, masu kwanci da renon 'ya'yansu. Illarta ita ce ba kowane makiyayi ke yin rigakafi a kan lokaci ba.

Kowace daga cikin biyun tana da ranarta. Wadda ba ta da rana ita ce cinikin biri a sama, wato sayen tsaki a kwali daga hannun wanda ba a san inda ya samo su ba. Kazar ƙwai ba ta fara yi sai ta kai mako 18 zuwa 20. Wanda aka haɗa da tsakin maza da sunan mata, ko aka sayar masa da ragowar da gidan ƙyanƙyasa ya ƙi, ba zai gane ba sai ya yi makonni yana zuba abinci. Araha dai ba ta ado.

Abin takaici shi ne mutanen Zariya su yi irin wannan asara alhali Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa tana nan Shika, a kan hanyar Funtuwa, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ita ce ta samar da kazar nan Shika Brown, mai yawan ƙwai da jure yanayin Nijeriya. Jami'ar kuma tana da asibitin koyar da likitocin dabbobi a Samaru, inda ake samun shawara ta gaskiya.

Akwai kuma masu kiwo da ke ganin maganin shaho da shirwa da muzuru shi ne a ajiye zakaran faɗa, irin Asil na ƙasashen Indiya da Pakistan ko Shamo na Japan, ya zama dogarin garke. Babu shakka zakara nagari yakan yi kukan gargaɗi in ya hangi shirwa, kaji su gudu su ɓuya, amma zakaran gida ma yana yin haka ba tare da an kashe masa kuɗi mai yawa ba. Zakaran faɗa kuwa an tsara irinsa ne don ya kara da ɗan'uwansa zakara. A unguwa mai cunkoso kamar Tudun Jukun, zakaran maƙwabci zai fara ji wa rauni, rigima ta tashi daga kaji ta koma kan mutane. Bugu da ƙari, kaza ba ta gani sosai da dare, lokacin da muzuru da gafiya ke fitowa, dogarin ma barci yake yi.

Babban maƙiyin kaji ma ba daga sama yake zuwa ba. Ciwon Newcastle, wanda ke share akurki a lokacin hunturu, sau da yawa ta jikin sabuwar kazar da aka sayo a kasuwa yake shiga gida. Ba a manta ba cewa a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 karo na farko a Afirka a wata babbar gona da ke Jaji, tsakanin Zariya da Kaduna, inda aka yi asarar dubban kaji. Babu zakaran da ke tare irin wannan. Hasali ma wanda aka sayo don tsaro yana iya zama shi ne mai ɗauke da cutar.

Saboda haka ya kamata mai saye ya nemi sunan gidan ƙyanƙyasa, da ranar ƙyanƙyasa, da shaidar rigakafin da aka yi, ya kuma karɓi rasit. Duk sabuwar kaza a ware ta na aƙalla mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Kuɗin zakaran faɗa a sayi waya da shi a rufe saman wurin 'yan tsaki, a gyara ƙofar akurki, a kuma yi rigakafi, irin wanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom ke yi.

Haka kuma ya wajaba a kan Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Zariya su yi wa dillalan tsaki rajista, su tura malaman dabbobi cikin unguwanni kafin sanyi ya kama. Cibiyar Shika ita ma ta sauƙaƙa wa mai neman tsaki 20 ko 50 hanyar samunsu, domin irin waɗannan ƙananan masu kiwo su ne mafi yawa, kuma su ne asara ta fi durƙusarwa.