Murya Biyar a Kan Tsirkiya Huɗu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don in warware wa masu koyon ukulele wani ƙulli wanda kan sa da yawansu su rataye ta a bango.

Ita ukulele kamar ƙaramar jita take, tsirkiyarta huɗu. Asalinta tsibiran Hawai ne. Mutanen Fotugal da suka sauka can daga tsibirin Madera a 1879 su suka zo da irinta, sa'an nan wani babban baje koli da aka yi a San Francisco a 1915 ya watsa sunanta cikin Amurka. Ana ɗaure tsirkiyoyinta a kan muryoyin G, C, E, A, daga sama zuwa ƙasa. Wuyanta kuwa an gitta masa ƙarafa, tsakanin kowane biyu mu kira shi gida.

To, masu kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar New Orleans suka fara, ba su cika gamsuwa da haɗa murya uku ba, sai su yi ta ƙari. Akwai haɗin da su ke kira C9, watau C, E, G, B mai sauƙi, da D. An ce tara ne don in ka ƙidaya daga C ka zarce ta takwas, a kan D za ka tsaya. Ga murya biyar, ga tsirkiya huɗu. Yaya ke nan?

Amsa ita ce, tilas a sallami ɗaya. Abin mamaki, wadda a kan sallama ita ce C ɗin kanta, mai sunan gidan. Dalili kuwa, kunne ya riga ya san ta, ya kan cika gurbinta da kansa. Amma E da B mai sauƙi ba a taɓa su, gama su ne gishirin miyar.

Ga yadda ni ke koyar da shi. Fara danna tsirkiyar A a gida na farko da manuniya, ka bar sauran a sake, ka kaɗa: C7 ke nan. Sa'an nan ka ɗora yatsan tsakiya a kan tsirkiyar C, gida na biyu. Shi ke nan, C ta zama D, ka sami C9. Kaɗa tsirkiyoyin ɗaya ɗaya tukuna, in wata ta dushe, yatsanka ne ya kwanta a kanta, sai ka tayar da shi bisa kansa.

Amma fa kada ka tsaya nan. Haɗin nan matafiyi ne, masaukinsa F. Matsar da yatsun nan biyu sama, kowane tsirkiya ɗaya, ba tare da sake gida ba, sai ka ji sautin ya natsu. Yi ta kai da komowa tsakaninsu a hankali har kunne ya riga hannu ganewa. Sannu ba ta hana zuwa.

'Yan'uwa, wanda ya haddace wurin sa yatsa kaɗai, haɗi ɗaya ya iya. Wanda kuwa ya san abin da a ke bari da dalilinsa, zai iya gina sauran da kansa. A mako mai zuwa sai mu duba G9.

Haza wasalam,
Naku, Mai Tsirkiya Huɗu.