Kafin Ku Tarwatsa Zaman Karatu, Ku Karanta Ko Da Littafi Ɗaya

Iyayena da 'yan uwana mutanen Yelwa, na gida da waɗanda neman abinci ya kai nesa.

A taronmu na ƙarshen wata, wasu daga cikin dattawanmu sun kawo shawarar ƙungiya ta janye hannunta daga zaman karatun da matasa suke yi duk Asabar bayan La'asar, inda kowa yake zuwa da littafin hikayar da ya karanta, ya ba da labarinsa, a yi musayar ra'ayi, a ara wa juna. Dalilinsu shi ne littattafan hikaya ɓata tarbiyya suke yi, musamman ga 'yan mata. Ni ne na rubuta bayanan taron, don haka ban sa baki ba a lokacin. Yau ina magana ne da bakina, ba da yawun shugabanni ba, kuma da dukkan girmamawa nake cewa: wannan shawara kuskure ce, idan muka bi ta za mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago.

Bayan an tashi na tambayi uku daga cikin masu shawarar, wane littafi ne suka karanta suka ga ɓarnar? Babu wanda ya ambaci sunan ko ɗaya. Wani ya ce ya ji a wa'azi, wani ya ce ai kowa ya sani. To iyayena, ko a kasuwar shanu ta Mubi babu mai yanke wa sa kuɗi bai gan shi ba. Yaya za a yi wa rubutun shekara casa'in kuɗin goro da "an ce"?

Bari mu tuna inda abin ya faro. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku duba da kyau: mutumin da ya zama Firayim Ministan Nijeriya marubucin hikaya ne. Labarin yaron da aka sace aka bi da shi ta Sahara, da uwar da ta bar komai ta bi sawunsa, ya koya wa mutane da yawa zafin cinikin bayi fiye da darasin tarihi a aji. Da yawanku da kuke neman a hana, da waɗannan littattafai kuka ƙware a karatun boko, kuma har gobe idan aka ambaci Malam Zurƙe sai kun yi murmushi.

Na san amsar da za a ba ni: ai na da daban, na yanzu daban, na yanzu soyayya ce zalla. To mu zo kan na soyayyar. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, labarin 'yar Fulanin da ta so wanda ba Bafulatani ba. A garin nan da Fulani da Gude da Fali da Hausawa suke zaune gida kusa da gida, wane ne bai taɓa ganin irin wannan rigima a danginsa ba? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka raba da karatu aka haɗa da tsoho. Ta kuma rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kora da 'ya'ya tara saboda ya yi amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Ku faɗa mini tsakani da Allah, Rabi nawa muke da su a Yelwa? Sau nawa aka kawo wa wannan ƙungiya ƙarar magidancin da ya watsar da iyalinsa? Littafin ya kai har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012, mu kuma da aka rubuta dominmu muna neman hana 'ya'yanmu ambaton sunansa. Wani lokaci sai na ga kamar ba tarbiyyar yara ce take damun wasunmu ba, madubin ne ba ma son dubawa.

Ba na musun cewa akwai ɓarna. Akwai ta, kuma ta fi yadda dattawanmu suke zato. Amma ba a zaman Asabar take ba, tana cikin waya. Yau akwai masu rubuta batsa tsirara da Hausa, babu suna na gaskiya, babu mai tacewa, ana turawa shafi-shafi ta WhatsApp, wasu ma sai an biya kuɗi ake shiga rukuninsu. Yarinya tana ɗaki, fitila a kashe, uwa tana zaton ta yi barci, ita kuwa tana karatu har tsakar dare. Wannan karatun ba ya neman izinin ƙungiya, ba ya zuwa taro, kuma ba ya jin tsoron sanarwarmu. Idan muka rufe zaman da ake yi da rana tsaka a gaban kowa, abin da muka rufe shi ne wuri ɗaya tilo da babba zai ji abin da yaro yake karantawa har ya ce masa wannan ya yi, wancan bai yi ba. Na cikin wayar kuwa ko gezau.

An gwada hanin a inda ya fi mu ƙarfi. A 2007 gwamnatin Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a, daga baya Hukumar Tace Finafinai ta matsa wa marubuta lamba su yi rajista. Gwamnati ce guda, da hukumominta da jami'anta. Yau ina aka kwana? Rubutun bai mutu ba, ya dai bar takarda ya koma waya, inda babu mai iya ƙona shi. Marubucin da yake sa sunansa a bangon littafi yana jin kunyar surukansa da malamansa. Wanda yake ɓoye a bayan laƙabi ba ya jin kunyar kowa. Abin da Kano ba ta iya ba, ƙungiyar unguwa ce za ta iya?

Abubakar Imam ya riga ya nuna mana dabarar a Magana Jari Ce. Lokacin da Sarki ya tafi yaƙi, Musa ɗan sarki ya ƙudura sai ya fita, alhali makirci yana jiransa a waje. Bayi da dogarai suna nan, amma ba su ne suka tsare shi ba. Aku ne ya riƙe shi da labari, dare bayan dare, har gari ya waye. Wanda yake son raba yaro da mugun labari, sai ya zo masa da wanda ya fi shi daɗi.

Na gani a gidana. Na taɓa samun 'yata da wani rubutu a waya da ba zan iya maimaita ko layi ɗaya nasa ba. Na ƙwace wayar, na yi faɗa, bayan sati biyu na gane a wayar ƙawarta take ci gaba. Sai na sauya salo, na sayo mata Alhaki Kuykuyo Ne, na ce ta karanta mu yi hira. Daren da ta gama, ita ce ta tsare ni da tambaya a kan haƙƙin mace idan an sake ta, har sai da muka je wurin malamin unguwa tare. Ban ce ta zama waliyyiya ba, amma yanzu tana gaya mini abin da take karantawa.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. A ƙarshen Oktoban 2014 dukkanmu mun bar garin nan da ƙafa, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu zuwa Yola, lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo har suka sauya wa Mubi suna. Waɗanda suka kore mu, gaba da karatu ce tutarsu. Ba na kwatanta kowane dattijo namu da su, Allah Ya kiyaye, amma garin da ya ɗanɗani wannan ya kamata ya yi taka-tsantsan da duk wata shawara ta raba yaro da littafi. Da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya sunansa Sansani, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Mu da muka yi gudun da ƙafafunmu, wa zai rubuta namu? Garin da yake da jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya bai kamata ya rasa marubuci ba, kuma marubuci daga makaranci yake fitowa.

Ga abin da nake roƙon taro mai zuwa ya duba a maimakon hani. Zaman Asabar ya ci gaba, kuma kowane mako dattijo ɗaya da uwa ɗaya su halarta. Duk wanda zai tallata littafi, ya zama ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya faɗi sunan marubucin, ya faɗi shekarun da ya dace da su. Duk wanda zai soki littafi, shi ma ya karanta, ya nuna mana wurin da ɓarnar take, mu cire shi da hujja. Rubutun da mai shi ya ɓoye sunansa ba shi da wuri a zamanmu. Sannan ƙungiya ta ware ɗan abin da ya sawwaƙa ta sayi littattafai na takarda a ajiye ana ara, don kada mu riƙa cin gumin marubuta ta hanyar kwafin sata da ake yawo da shi a waya.

Iyayena, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Damuwarku gaskiya ce, maganin ne nake ja da shi. Ina da kwafin Alhaki Kuykuyo Ne da Shaihu Umar a gida. Duk dattijon da yake so, zan kai masa har ƙofar gida, ya karanta kafin taro, sannan mu yi muhawara ido da ido. Idan bayan ya karanta ya ga ɓarna, ni ne zan fara sa hannu a takardar hanin.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Mubi lafiya. Wanda na saɓa wa ya yafe mini.

Naku,
Sakataren Ƙungiya